Su a Kogin Kwara: Koma, Banda da Ran Ayu

Masuncin Yawuri da ruwa yake ƙirga shekararsa. Sau biyu Kogin Kwara ke cika a wannan yanki. Cikar farko ita ce farin ruwa, wanda ke zuwa da damina, ya kwaso laka daga Gulbin Sakkwato da sauran rafukan da ke kusa. Ta biyu ita ce baƙin ruwa: ruwan saman da ya zuba tun a tsaunukan ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana sauke lakarsa, sannan ya iso Najeriya garau a tsakiyar hunturu, lokacin da ko yayyafi ba a yi. Kowace cika da irin kifin da take motsawa, da kayan aikin da ake tarbarta da su.

Su sana'ar gado ce a nan. Akwai Sarkawa, waɗanda suka bi ruwa daga ƙasar Kabi har Binuwai da Tafkin Chadi. Akwai Kabawa da Gungawa, akwai Nufawa daga ƙasan kogi, akwai baƙi daga Nijar da Mali da kudancin Najeriya. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kogi ya zama tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200, tsohon garin Bussa ya nutse, aka tayar da dubban mutane daga gungu da gaɓa. A shekarun farko kifi ya yi yawa ƙwarai, domin ruwa ya hau kan dazuzzuka da gonaki masu cike da abinci. Labari ya bazu, masunta suka kwararo, sannan kamu ya fara raguwa. A cikin wannan ruwa da ake ta rububi ne ayu ke zaune, kuma ba za a gane halin da yake ciki ba sai an fara gane lissafin mutumin da ke jefa koma a kansa.

Jari

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin masunci ya ga ko ƙaya ɗaya ta kifi, sai ya tanadi jirgi. A da gungumen itace guda ake sassaƙewa. Manyan itatuwa sun yi wuya, shi ya sa yanzu da katako ake haɗa jirgi, an fi son na maɗaci saboda jure ruwa. Kafinta zai jera katakai ya buga ƙusa, ya toshe kafofi da tsumma da kwalta. Ƙaramin jirgin mutum biyu filafili da sandar tuƙi sun ishe shi. Wanda ke son zuwa tsakiyar tafki sai ya nemi inji, kuma injin yakan ninka jirgin kansa tsada.

Sai kayan kamu, kowanne da aikinsa. Kalli raga ce doguwa da ake shimfiɗawa a tsaye cikin ruwa, kifi ya zo wucewa kansa ya maƙale. Tsirararta ake sayo ta, masunci ne zai zauna a inuwa ya yi mata igiyar sama da ta ƙasa, ya ɗaura darma a ƙasa don ta nutse, a sama kuma ya jera guntayen tsofaffin silifa ko soso don ta tsaya. Birgi ita ce wadda ake tattarawa a kafaɗa a wurga, ta buɗe a iska ta faɗa kan kifi. Taru na jama'a ne, ana kewaya ruwa da shi a ja zuwa gaɓa. Mamari doguwar igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Gura, wadda aka koya daga masuntan Mali, tarko ne na tsumagu da aka lulluɓe da raga, ana sa mata dunƙulen dusa a ciki. Homa da gora kuwa duk wanda ya taɓa kallon bikin Argungu ya san su.

Da yatsu ake auna idon raga: mai yatsa biyu, mai uku, mai huɗu. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da raga mai ido ƙasa da inci 3, ta kuma hana guba da nakiya. Amma idan manyan kifaye suka yi ƙaranci, mai neman abin kai wa gida sai ya matse idon ragarsa, ya kama ƙanana, baɗi kuma manyan su ƙara ƙaranci.

Zaren raga da ƙugiya da inji galibi daga waje ake shigo da su, saboda haka farashinsu na bin dala. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma; a cikin 2024 ta haura 1,500. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 ta kai ga haura 1,000 kafin 2024 ta ƙare. Masunci da yawa ba ya iya sayen kalli da kuɗin hannunsa. Ɗan kasuwar kifi ne ke saya masa, bisa sharaɗin duk abin da ya kama shi zai sayar wa, a farashin da mai bashi ke da bakin faɗa a kai. Wannan ba zalunci ne tsantsa ba, domin shi ne ke tsaya wa masunci ranar suna da ranar jinya, amma yana nufin ragar da ke cikin ruwa sau da yawa ba a gama biyan kuɗinta ba.

Kwana a ruwa

Da la'asar sakaliya ake fita. Mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na sakin kalli sannu a hankali, yana lura da inda ruwa ya nufa da inda kututturan itatuwan da tafki ya haɗiye suke, domin kututture ɗaya ya isa ya yaga ragar wata guda. Wasu sukan koma gida, wasu su kwana a jirgi suna gadi saboda ɓarayin raga. Da asuba ake ɗagawa, kuma ba a yin jinkiri: kifin da ya mutu a raga cikin ruwa mai ɗumi ba ya daɗewa bai fara lalacewa ba.

Abin da ke fitowa sai wanda ya gani. Karfasa da ƙurungu su ne na kullum. Tarwaɗa da ramboshi suna da kasuwa, haka bargi da yauni. Tsage mai haƙora yakan datse zare ya wuce. Giwan ruwa ita ce sarauniya, amma babba irin wadda tsofaffi ke ba da labari yanzu sai a yi wata da watanni ba a gan ta ba. Akwai kuma warangi, 'yan mitsi-mitsin kifayen da ake shanyawa a rana. Idan an sayar, a cire kuɗin mai, a cire kason mai jirgi da raga, saura yara su raba bisa yarjejeniyar garinsu. Akwai ranar da ake cika daro, akwai ranar da kuɗin mai ma ba ya fita, a ce yau ruwa bai bayar ba.

Wahalar ba a aljihu kaɗai take ba. Guguwar farkon damina tana tasowa ba sallama. Dorina na kifar da jirgi. Tsargiya da zazzaɓin cizon sauro sun zama abokan zama a ƙauyukan gaɓa. Haɗarin jirgin da ya auku kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski cikin Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya tuna wa kowa irin ruwan da waɗannan mutane ke hawa kullum, akasari ba rigar kariya. A 'yan shekarun nan kuma 'yan bindiga sun sa wasu wuraren su da hanyoyin kasuwa sun zama sai da shahada.

Banda da kasuwa

Inda babu ƙanƙara, wuta ce ke ceton kifi, kuma a nan aikin mata ya fi yawa. A kankare ɓawo, a farke ciki a wanke. Manya a yanka su gunduwa-gunduwa. Tarwaɗa a lanƙwasa ta, kai ya haɗu da wutsiya, a soke da tsinke. A jera a kan waya bisa murhun laka ko rabin durom, a hura wuta a ƙasa. Wutar ba mai ci bal-bal ake so ba. Zafi da hayaƙi ake nema, ana juyawa kada gefe ɗaya ya ƙone. Wanda za a ci kusa, sa'o'i kaɗan sun ishe shi. Wanda zai yi doguwar tafiya sai ya yi kwanaki har ya bushe ƙayau, ya rasa fiye da rabin nauyinsa. Itacen banda kansa sayensa ake yi, yana kuma ƙara nisa. Mai banda takan tashi da jajayen idanu da tari.

Ranar kasuwa jirage ke kawo kaya Yawuri da Malale da sauran kasuwannin gaɓa. Dillali ya duba, ya ɗaga, ya shinshina, ya karya ɗaya ya ga ko cikinsa ya bushe. A yi ciniki da kwando ko da kwali, a ɗaure, a loda a mota zuwa Anaca da Ilori da Ibadan da Legas, wasu kuma Kaduna da Kano. A hanya akwai kuɗin mota, da na kasuwa, da na shingaye. Ƙwari na cin busasshen kifi tun yana rumbu, gargadar hanya na farfasa shi, kuma duk wannan asara a ƙarshe daga farashin da ake ba masunci ake cire ta. Hukumomi sukan ce Najeriya na bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai kai rabin haka ba, kuma mafi yawan na gida daga hannun ƙananan masunta irin waɗannan yake fitowa. Kasuwa na nan, amma ribar takan tsaya a tsakiyar hanya.

Ayu

Ayu ba kifi ba ne. Dabba ce mai shayarwa, tana shaƙar iska, dole ta riƙa ɗago hanci sama lokaci-lokaci. Masana sun ce giwa na daga cikin danginta na kusa. Babba yakan kai mita 3, nauyinsa ya haura kilo 300. Ana samun irin na Afirka a ƙasashe 21, daga bakin teku a Sanagal har Angola, yana kuma hawa koguna har cikin Mali da Nijar da Chadi. Galibin abincinsa ciyawar ruwa ce irin su burugu da kainuwa. Ba ya cizo, ba ya kai hari, yana da tsananin kunya. Masunci zai iya shekara bai ga jikinsa ba, sai dai ya ga inda ya yi kiwo da dare, ko kashinsa na yawo a kan ruwa.

Rauninsa a haihuwa yake. Uwa takan yi kimanin shekara da ciki, ta haifi ɗa guda, ta yi wajen shekara biyu tana rainonsa a gefenta. Tarwaɗa ɗaya na zuba dubban ƙwai a damina guda, shi ya sa kifi ke iya farfaɗowa idan an ɗaga masa ƙafa. Uwar ayu ɗaya da aka kashe kuwa gurbinta sai an yi shekaru, idan ma tana da jariri to an kashe biyu.

Farautar ayu ilimi ne na wasu gidaje ƙalilan, ba kowane masunci ke taɓa ta ba. Maharbi yakan yi kwanaki yana bin wurin kiwo. Ya kafa ɗan gado a kan turaku a bakin ruwa, ya zuba ciyawa ko rogo, ya zauna shiru cikin dare da zago a hannu. Zagon na ɗaure da igiya da wani abu mai iyo, domin in an soka dabbar ta nutse a bi sawunta har ta gaji. Akwai sirri da addu'o'i da ƙa'idoji da ake gada tare da zagon, kuma waɗannan ƙa'idoji sun taƙaita yawan masu yi.

Yau ba zago kaɗai ke kashe ayu ba. Kalli na zaren roba ba ya zaɓe: ayu ya shiga da dare, ya yi ta birgima ya nannaɗe, ya kasa ɗagowa, ya mutu. Madatsun ruwa irin su Kainji da Jaba da Lagdo ta Kamaru sun datse hanyoyinsa, sun raba na sama da na ƙasa, sun kuma canza lokacin cika da janyewar ruwa. Idan ruwa ya janye da sauri, ayu kan maƙale a tafkin da ya yanke daga kogi, kowa na ganinsa.

Shi ma masunci yana da ƙorafi na gaskiya. Ayun da ya tsira daga raga yakan bar ta kaca-kaca. Bincike ya tabbatar da abin da masunta suka daɗe suna faɗi, cewa yakan tsotse kifin da ya maƙale a raga ya bar ƙaya. Idan ruwa ya hau fadama yana shiga gonar shinkafa. To ga mutum da bashin raga a wuya, ragar ta yage, ga kuma dabba a gabansa wadda namanta da kitsenta da fatarta da ƙashinta duk kuɗi ne, kuɗin da ya fi na kamun makonni. Wanda bai taɓa kwana da bashi ba ne kaɗai zai ce wannan zaɓi mai sauƙi ne.

Abin da ya fi ɗaga darajarsa shi ne mai. Man ayu sananne ne a kasuwar kayan mata da ta maganin gargajiya a ƙasar Hausa, yanzu kuma tallarsa ta koma Facebook da Instagram da TikTok. Babu binciken likitanci da ya tabbatar da abin da ake jingina masa. Yawan kwalaben da ake tallatawa ma ya fi ƙarfin ayun da ke ruwa, wato jabu ya yi yawa. Amma ko na jabu yana ɓarna, domin shi ke raya sunan, ya sa mai neman na ainihi ya aika saƙo gaɓa da kuɗi mai tsoka.

Doka da gaɓa

A takarda ayu na da kariya. Dokar Najeriya ta 1985 kan namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta hana farautarsa da cinikinsa. Dokar farauta ta Nijar ta 1998 ma ta kare shi. A 2013 aka ɗaga shi zuwa rukunin farko na yarjejeniyar CITES, wato an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, ƙungiyar IUCN kuma ta sa shi cikin dabbobin da ke cikin haɗari. A Najeriya akwai gandun Pandam a Jihar Filato, wanda tafkinsa ya shahara da ayu. A Chadi akwai tafkunan Lere da Tirene. Sai dai ma'aikacin gandun daji ba ya kwana a kowane gungu. A 2020 an ga hoton bidiyon wasu matasa suna jan ayu da rai a kan titi a yankin Neja Delta, hukuma ta yi tir, amma yawancin waɗanda ake kashewa ba mai ɗaukar hotonsu. A fiƙihun Malikiyya kuma naman dabbar ruwa halal ne, don haka mutumin gaɓa ba ya jin ya ci haram. Abin da zai fi shiga kunnensa shi ne maganar ɓarna da ƙarar da abin da jikoki ke da haƙƙi a kai.

Wannan magana kuwa ba baƙuwa ba ce a sana'ar su. Kusan kowane garin masunta na da Sarkin Ruwa, mai sasanta rikicin wurin kamu, mai karɓar baƙon masunci, mai cewa a shiga ko a dakata. A Argungu, kogin Matan Fada a rufe yake ga masu su har ranar biki, kuma albarkar wannan rufewa ce ake gani a manyan kifayen da ake fitarwa. Bikin ya samo asali a 1934, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. A Tafkin Kainji, aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na shekarun 1990 ya bi ta hannun sarakunan ruwa wajen yanka lasisi da hana dala, wato babbar ragar nan mai matsattsen ido da ke kwashe 'ya'yan kifi tare da warangi. Darasin da ya fito fili shi ne doka na tsayawa gwargwadon yadda mutanen gaɓa suka ɗauke ta tasu.

A Tafkin Ossa na Kamaru, wani masani ɗan ƙasar, Aristide Takoukam Kamla, da ƙungiyarsa ta AMMCO sun mayar da masunta abokan aiki. Da wayar hannu masunci ke aika rahoton inda ya ga ayu ko inda ya maƙale. Da wata baƙuwar ciyawa ta mamaye tafkin ta kori kifi da ayu baki ɗaya, masunta da masana tare suka yaƙe ta, har ana yin gawayi da ita a sayar. Abin da ya haɗa su a fili yake: ruwan da ya gagari ayu zama ya gagari karfasa. Shi kansa ayun yana yi wa masunci aiki, yana rage ciyawar da ke toshe hanyar jirgi, kashinsa kuma taki ne ga ruwan da 'ya'yan kifi ke girma a ciki.

Abin da za a yi a Kwara da Binuwai bai fi ƙarfin mutane ba. Wanda ya yanka ragarsa ya saki ayu da rai, Sarkin Ruwa ya shaida, a mayar masa da sabuwa ba tare da yawo a ofis ba. Kuɗin raga ɗaya ƙanƙane ne idan aka gwama da abin da ake kashewa a taron bita. Wuraren da ayu ke fakewa da rani, waɗanda masunta sun fi kowa saninsu, gari ya amince a ɗaga kalli daga cikinsu na wasu watanni, kifin da ya hayayyafa a ciki ya zama na garin. Tsofaffin maharba a ɗauke su aikin ƙidaya da gadi, domin ba wanda ya kai su iya karanta sawun dabbar. A taimaka wa mata da murhun banda mai cin itace kaɗan, irin na Chorkor da aka ƙirƙiro a Gana, kuma cibiyar binciken kifi da ke Sabuwar Bussa na kusa. A buɗe hanyar rance da ba ta ɗaure masunci ga mai saye ɗaya ba. Duk kwandon kifin da aka ceto daga ƙwari da ruɓewa yana rage wa zago kwarjini.

Sauran aikin yana birni. Masunci ba ya shafa man ayu. Sayarwa yake yi saboda akwai mai saye a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai. Mai cin miyar busasshen kifi ya biya kifin da daraja, mai neman kwalbar mai ya haƙura da ita. Idan su ya ciyar da mai yinsa, ya biya bashin raga har ya bar ragowa, masuncin da ya tarar da ayu a kallinsa da asuba zai iya sa wuƙa ya yanke zaren ba tare da ya tuna da mai binsa kuɗi ba.